Minti biyun farko: yadda ake ɗaukar mabuɗin fim ɗin fargaba

Ƙannena masu koyon harkar fim, wani aikin da akan ba ɗalibi a shekarar farko shi ne ya shirya mabuɗin fim mai tayar da hankali, wato minti biyun nan na farko da sunayen masu aiki ke fitowa a ciki kafin labari ya kankama. Yawanci ana raina shi saboda gajartarsa, kuma tun daga rainin ake fara ɓata shi.

Mabuɗi aikinsa ya bar tambaya a zuciyar mai kallo, ya kuma ƙi ba shi amsa. Ɗalibai da yawa sukan cusa labarin gaba ɗaya cikin daƙiƙa 120: an sace yarinya, an bi ta da gudu, an kashe ta, an kama mugun. Wanda ya ga haka me zai zauna ya jira? Ku zaɓi abu guda. Mace ta dawo ɗakinta ta tarar kofin da ta bari a kan tebur ya koma bakin taga, alhali makulli ɗaya ne kuma yana hannunta. Wannan kaɗai ya isa minti biyu. Ku guji mai rufe fuska riƙe da wuƙa, da gudun daji, da agogon da ke tashin jarumi daga barci, da "ashe mafarki ne". Malamin da zai duba aikinku ya gaji da ganinsu.

Ku yi lissafi kafin ku taɓa kyamara. Idan kowace ɗauka, wato guntun hoton da ke tafiya ba yankewa, za ta zauna kamar daƙiƙa 4 a allo, kuna bukatar ɗauka 30. Gyara kyamara, haske da tsayuwar ɗan wasa yakan ci wa masu koyo minti 15 ko fiye a kowace ɗauka, kun ga awa bakwai da rabi ke nan ba a ci abinci ba, ba a maimaita ba. Mafita ita ce a zana kowace ɗauka a takarda, ko da zanen 'yan sanduna ne, a ba ta lamba, sannan a sake jera lambobin bisa inda kyamara za ta tsaya. Duk abin da ake ɗauka daga kusurwar ƙofa a gama shi kafin a ɗaga ƙafar kyamara zuwa wajen taga. Bin labari daki-daki a lokeshan yana ninka lokaci, rana kuma ba ta jira.

A wannan zanen ne za ku yanke inda kowane suna zai zauna, kuma nan ne aka fi yin sake. A gama ɗauka, a zo tacewa, sai a tarar babu fili a hoton, a ɗora sunan darakta a goshin jaruma. Idan suna zai fito a hagu, a tura ɗan wasa dama a bar bango ko duhu a hagun. Ɗaukar da za ta ɗauki suna ta fi sauran tsayi, kyamara kuma ta natsu, don ido ba ya iya karatu yana bin motsi. Kowane suna ya daɗe yadda za a karanta shi sau biyu a tsanake, kusan daƙiƙa 3 zuwa 4, kuma ya nisanci gefen allo da kamar kashi 10 cikin 100. Jerin da aka saba: kamfanin da ya shirya, manyan 'yan wasa, sunan fim, sauran ma'aikata, darakta a ƙarshe. Salon rubutu ɗaya ya wadatar. Jan rubutu mai ɗigar jini na fim ɗin dodanni ne, a kan duhu ma ba ya karantuwa. Mai son ganin abin da rubutu kaɗai ke iya yi ya duba aikin Saul Bass, mai tsara rubutun mabuɗin finafinai, a mabuɗin fim ɗin Psycho na 1960, inda layuka ke shigowa suna tsaga sunaye, ba a nuna fuskar kowa ba amma hankali ya riga ya tashi.

Duhu kuwa da haske ake yin sa. Wanda ya kashe fitilu ya ɗauka zai sa kyamara ta ɗaga ISO, wato ma'aunin da ke ƙara wa hoto haske, da kanta, hoton ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi, kuma babu manhajar da za ta gyara shi yadda ya kamata. Ku sami fitila ɗaya mai ƙarfi, ku ajiye ta a gefen ɗan wasa ko ɗan bayansa, rabin fuska ya sha haske rabi ya faɗa inuwa. Idan inuwar ta yi baƙi ƙirin, farin kwali a ɗaya gefen zai mayar da ɗan haske. A janye ɗan wasa daga bango da mita ɗaya ko biyu don kada hasken ya zube a bangon ya wanke duhun. Gara hoto ya fito da ɗan haske a rage shi wajen tacewa.

Mai ɗauka da waya ya kulle fokas da yawan haske da daidaiton launi kafin ya danna, in ba haka ba hoton zai riƙa haske yana duhu duk lokacin da wani ya gifta. Ku tsayar da firam, wato yawan hotunan da kyamara ke ɗauka, 24 ko 25 a daƙiƙa tun ranar farko, kar a canza. Da 25, saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke karɓar haske a kowane firam, 1/50 na daƙiƙa ne. Idan kun ga layuka na yawo a hoto ko fitila na ƙyafta ido, wutar lantarkin ce ba ta jitu da shatar ba: inda wuta ke gudu a 50Hz, wato zagaye 50 a daƙiƙa, a yi amfani da 1/50 ko 1/100, inda take 60Hz a koma 1/60. Masu son shuɗin hasken bayan faɗuwar rana su sani bai cika wuce minti 20 zuwa 30 ba, sai a yi gwaji da rana a jira shi a shirye.

Akwai ƙa'idar layi da bai kamata a manta ba. Idan mai bi yana tafiya daga hagu zuwa dama, wadda ake bi ma haka za ta tafi a dukkan ɗauka. Kyamara na tsallaka layin da ke tsakaninsu, a allo sai a ga kamar juna suke tunkara. Ku kuma tara ƙananan ɗauka na kusa: hannu a mariƙin ƙofa, ido, makulli, ƙafa a matakala. Su ne ke rufe ɓaraka idan manyan ɗauka suka ƙi haɗuwa. A bar kyamara ta yi daƙiƙa 3 kafin motsi da 3 bayansa. Wani daga cikinku ya riƙa ɗaukar hoton tebur da tufafi bayan kowace fitowa, don kofin nan da labarin ya dogara a kansa kada ya canza wuri ba da niyya ba.

A ganina sauti ya fi hoto aiki a irin wannan fim. Makirufon jikin kyamara yana kwaso iska da amon ɗaki, saboda haka ku naɗi takun ƙafa, ƙarar ƙofa da numfashi daban, makirufo kusa da abin, a ɗora su daga baya. Kafin a bar kowane ɗaki, kowa ya yi tsit a naɗi minti ɗaya na shirun wurin, da shi ake cike giɓi don kada kunne ya ji yanka. Kiɗa kar ya fara da ƙarfi, ba zai sami inda zai hau ba. Ɗauke shi kwatsam daƙiƙa biyu kafin abin tsoro ya fi ƙara shi tasiri. Kiɗan wani kuma ba a ɗauka sai da izini, shafuka irin YouTube suna gano shi su toshe bidiyon ko su rufe sautin.

Wuƙa ko bindigar wasa a titi tana iya jawo muku jami'an tsaro, domin mai wucewa bai san fim ake yi ba. A nemi izinin mai wuri, a sanar da maƙwabta, makami kuma ya tsaya a cikin gida. Kowace rana a kwafe abin da aka ɗauka wuri biyu kafin a goge memori.

Idan kun gama tacewa, ku nuna wa wanda bai san labarin ba, kada ku yi masa bayani. Ku tambaye shi abin da yake zaton zai biyo baya, da sunayen da ya iya karantawa. Duk sunan da ya kuɓuce masa a ƙara masa daƙiƙa ɗaya ko a sauya masa wuri, sannan a duba a allon waya da babban allo kafin a miƙa.