Ladabin da na ara wa 'yar sandan Suwidin

Makon jiya na karɓi shaidar kammala digirina na biyu, wata shida bayan abokan karatuna. Shafi ɗaya ne ya jawo wannan jinkiri, kuma har yau in na tuna shi sai zuciyata ta yi nauyi.

Aikin kundina shi ne in fassara babi uku na wani littafin binciken kisan kai na ƙasar Suwidin zuwa Hausa, daga fassararsa ta Turanci, sannan in ba masu karatu in ji ta bakinsu. Mutum goma sha biyu na ba wa, suka rabu gida biyu. Wasu suka ce labarin lami ne, ba gishiri. Jami'in binciken ya rabu da matarsa, ga shan giya, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Wata baiwar Allah ta tambaye ni, "Wai ina dangin mamacin? Mutum ya kwana uku a mace ba wanda ya leƙa shi?" Wasu kuwa suka riƙe shi hannu biyu. Wani dattijo, tsohon ɗan sanda, ya ce bai taɓa ganin an rubuta aikinsu yadda yake ba sai a nan: jira, cike takardu, buga ƙofar mutanen da ba su son magana.

Maimakon in rubuta wannan saɓanin a matsayin sakamakon bincikena, sai na tsorata, na ɗauka gazawata ce. Na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya karanta shafi biyu, ya ture takardun, ya ce, "Bahaushe ba zai karanta yarinya tana kiran ubangidanta gatsal ba. Je ki sa musu ladabi." Na ce, "To, Malam."

Na zauna na bi babi ukun layi-layi. Na cusa "ranka ya daɗe" da "yallaɓai" a bakin ƙananan jami'ai. Giya ta koma shayi. Matar da jami'in yake zaune da ita ba aure na mai da ita matarsa. Na sake rarraba wa mutanen nan, waɗanda suka ƙi shi da farko ba su canja ba, waɗanda suka so shi kuma suka yi sanyi. Dattijon nan ya dawo mini da takardun bai ce uffan ba. Na ga alamar, amma lokaci ya ƙure, na miƙa haka nan.

Ranar kare kundi, baƙon malamin da ya zo daga wata jami'a ya buɗe wurin da matashiyar 'yar sanda take ce wa shugabanta, a gaban kowa, ya yi kuskure. Ni kuwa na rubuta, "Ranka ya daɗe, ko za a ɗan sake dubawa?" Ya cire tabarau ya ce, "Malama, wa ya koya wa yarinyar nan wannan ladabin, marubucin ko ke?" Sannan ya yi mini bayanin abin da ya kamata in sani tun farko. Tun ƙarshen shekarun 1960 mutanen Suwidin suka watsar da laƙabi a magana. A 1967 Bror Rexed, da ya zama shugaban hukumar lafiya ta ƙasar, ya sanar cewa zai riƙa ce wa kowa "kai" ko "ke", kuma a ce masa haka. Ƙasa ce da a 1986 firaministanta Olof Palme ya fito daga silima a Sitokhom da matarsa, yana tafiya da ƙafa ba mai gadi, aka harbe shi. Littattafan binciken kisan kai na Suwidin a kan wannan suka ginu: al'umma mai alfahari da daidaito da aminci, ga kuma ruɓa a ƙarƙashi. Da na cire daidaiton, labarin ya rasa abin da yake tsaye a kai.

Na dubi Malam. Kansa na ƙasa, yana juya biro. Bai ce shi ya umarce ni ba, ni ma ban faɗa ba, don ba a yi mini tarbiyyar tona malami a gaban baƙo ba. Amma wannan shirun ya fi faɗuwar ciwo, kuma ban ga ranar da zan manta da shi ba.

A watannin gyara na gano ba ni ce ta farko da aka sa ta tausasa irin waɗannan littattafai ba. Littafin farko na Stieg Larsson, marubuci ɗan Suwidin, wanda ya fito a 2005 bayan rasuwarsa, ma'anar sunansa a harshensu ita ce "Mazan da ke ƙin mata". Da zai fito da Turanci a 2008 aka sauya masa suna gaba ɗaya, mai fassarar kuma ya sa sunan aro domin bai gamsu da gyaran da aka yi wa aikinsa ba. Wato wataƙila Turancin da na dogara da shi ma ya riga ya bi ta hannun wasu.

Sauran darussan gajeru ne. Duk umarnin da malami ya ba ka, ka nemi ya rubuta a gefen shafi. Kada ka goge daftarin farko. In masu karatu sun saɓa, rubuta saɓanin yadda yake.

Daftarin farkon nan, wanda aka ture, shi na ciro daga kwamfuta na ƙara masa 'yan bayanai a ƙasan shafi, kuma shi aka amince da shi. Na kai wa tsohon ɗan sandan kwafi har gida. Ya karanta shafin 'yar sandan a tsaye a zaure, ya ɗago ya ce, "'Yata, yanzu ta dawo. Ina babi na huɗu?"