Godiya ga duk wanda hannunsa ya taɓa gudumar nan

Assalamu alaikum ƴan'uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, gasar sassaƙa gudumar itace da muka ɗora wa kanmu ta ƙare ranar Asabar da ta wuce, an ci an sha an watse lafiya, babu wanda ya bar yatsa a bakin inji. Tun daren ranar saƙonni ke shigowa, masu taya murna da masu tambaya ko gudumar ta sayarwa ce. Ba ta sayarwa ba ce, ta riga ta zama ta ƙungiyar unguwa. Abin da ya rage a wuyana shi ne godiya, kuma na ga gara in yi ta a bainar jama'a, don waɗanda suka fi cancanta da ita ba su zo taron ba. Wasunsu ko waya mai Facebook ba su riƙe, sai dai jikoki su karanta musu.

Ga wanda bai san zancen ba, mu ƴan ƙalilan ne a nan Yamai da ke wasa da itace a ranakun hutu. Akwai malamin makaranta, akwai direba, akwai ma'aikacin banki, babu kafinta na sana'a ko ɗaya. A fada aka yanke shawarar, ana tsaka da shayi na biyu: kowa ya fitar da guduma irin ta shugaban taro da faifan katakon da ake buga ta a kai, a kan injin juya itace, ba ƙusa, ba fenti, kafin sanyin bana ya wuce. A ido abin ƙarami ne. Amma gutsure uku ne, kai da ƙota da faifai, kuma kowanne da halinsa. Kai da ƙota ana juya su jijiyar itacen tana bin tsawon inji, faifai kuwa a kwance ake kafa shi, ƙarfe ya riƙa haɗuwa da jijiyar ta gaba da ta gefe a kowane zagaye. Wanda ya iya ɗaya ba lallai ya iya ɗayan ba.

Godiyata ta farko ga surukata ce. Inna, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Da ta ji ina cigiyar busasshiyar ƙirya, sai ta aiki yaro bayan rumbu ya ɗauko wata taɓarya da ta karye a tsakiya, wadda ta zo da ita cikin kayan aurenta. Duk wanda ya nemi ƙirya a kewayen Yamai ya san ta yi wuya, sai an nausa kudu wajen Gaya, ga maƙera ba sa barin ta saboda gawayinta, ga masu turmi su ma ita suke farauta. Wani ya yi mini tayin madobiya, na ce a'a, itacen da tun 2017 yarjejeniyar CITES, mai kare itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, ta taƙaita cinikinsa tsakanin ƙasashe ba shi zan ɓata a wasan Asabar ba. Taɓaryar Inna kuwa ba a sare komai dominta ba, ta gama bushewa tun ban san wace ce matata ba. Da ƙarfe ya ci fatar sama, abin da ya fara tashi ƙamshin gero ne da ɗan sauran yaji, sai daga baya jan itacen ya bayyana, mai duhu, mai sheƙi tun ba a shafa masa komai ba.

Sai Baba masassaƙin turmi, mutumin Adar, wanda ke zama a bayan masu katako na kasuwar Katako. A kansa zan daɗe, don rabin aikin nan nasa ne.

Baba bai taɓa kunna injin juya itace ba, kuma bai ɓoye mini ra'ayinsa a kan abin ba. Da gizago yake aiki, da shi ubansa ya yi. Na je masa da taɓaryar da wani guntun allon madaci sabon yanka da na saya don faifai. Ya ɗaga madacin, ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa a kusa da kunne, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, wanga icce bai mutu ba tukuna. In ka yi aiki da shi yau, hunturu za ya buɗe maka shi kafin ka kai gida." Ya tashi da kansa, da sandarsa, ya ja ni rumfar wani mai tsofaffin ƙofofi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana bugawa, har ya tsaya a kan wata ƙafar gado ta madaci mai faɗi da aka yar a gefe. Ita ce ta zama faifan. Guntun da na saya kuwa ya sa na toshe bakinsa biyu da narkakken kyandir na ajiye a ɗaki, ya ce a bakin itace ruwa ke gudu, in ya fita da sauri fiye da na ciki sai tsaga ta biyo baya.

Shi ne kuma ya hana ni ɗora taɓaryar a inji yadda take. Ya yanki abin da bai wuce santimita 12 ba, ya sassaƙe shi da gizago ya zama mai kusurwa huɗu, ya ce in huda ramin ƙota yanzu, tun yana iya kwanciya a teburi ba ya mirginawa. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin huda abu zagayayye a tsakiyarsa daidai zai gane darajar wannan shawara. Ƙota ya ce marke, irin wanda ake yi wa gatari da fartanya, don yana da tauri kuma ba ya karyewa farat ɗaya. Na biya shi, ya ture kuɗin. Da ƙyar ya karɓi goro. Baba, Allah ya saka da alheri, ya ba zuri'a albarka, ya sa a gama da duniya lafiya.

Zan faɗi wata magana a nan ko da ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba. Mu masu kallon bidiyon Turawa a waya muna yawan zaton ilmin itace daga can yake zuwa. Riƙon ƙarfe da saurin juyi, e, a can na gani. Amma mai bidiyon bai san ƙirya ba, bai san marke ba, bai taɓa ganin abin da iskar Janairu ke yi wa ɗanyen katako a Yamai ba. Wannan sanin yana wurin tsofaffin da muke wucewa a kan babur ko sallama babu.

Mai waldan da ya haɗa mini injin daga tsohon injin famfon ruwa da guntayen ƙarafa, na gode. Maƙerin Bukoki da ya ƙera mini ƙarafan sassaƙa daga sifirin ɗin mota, ya kuma nuna mini yadda ake wasa su ba tare da bakin ya ƙone ya yi shuɗi ba, na gode. Ƙirya tana cinye kaifi, kusan duk bayan ɗan aiki sai an koma dutse. Ƙanena mai gyaran lantarki kuwa, ban san da bakin da zan gode maka ba. Daren da wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ta ƙone injin, saura ƴan kwanaki gasa, na riga na sallama. Ka bar aikin da ake biyanka ka zauna ka sake naɗa wayar ciki, gari ya waye inji na juyawa. Allah ya buɗa maka kasuwa.

Ɗan yayata da ke karatun shari'a a Jami'ar Abdu Mumuni shi ma yana da kaso, ko da yake da tsokana ya fara. Ya ce, "Kawu, wace kotu za ka kai ta?" Ashe tsarin da muka gada daga Faransa bai san alƙali da guduma ba, a can mai gwanjo ne ke riƙe ta, haka alƙalan Ingila su ma ba sa bugawa. Daga kotunan Amurka da finafinansu hoton ya shiga kanmu. Sai ya ba ni labarin da ya canza mini aikin. A Oktoban 1960, makonni kaɗan bayan Nijar ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya, shugaban babban zauren, Frederick Boland ɗan ƙasar Ayilan, ya yi ta buga guduma don ya kwantar da hayaniya a zaman da Khrushchev na Tarayyar Sobiyet ya tada ƙura, har ta karye, kan ya yi tsalle. Kyauta ce da ƙasar Aisilan ta bayar a 1952. Na ce to, in ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta rabu da kanta, ina ga tawa a hannun shugaban ƙungiyarmu ranar da ake lissafin kuɗin gyaran kwata? Shi ya sa ban dogara da gam kaɗai ba. Na zarce da ƙotar ta fito ta ɗaya gefen, na tsaga bakinta, na danna ɗan fallen itace mai kaifin baki a ciki. Tsagar a gicciye take da jijiyar kan, in ba haka ba fallen da kansa zai fasa ƙiryar gida biyu. Wannan ma dabarar Baba ce, haka yake yi wa gudumar itacen da yake aiki da ita. Na gode, ɗana, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Uwargida, ke kam sai dai addu'a. Garin madaci ɗaci gare shi, ya shiga tuwo, ya shiga shanya, ya shiga hancin yara, ba ki ce uffan ba sai ranar da kika gan ni na nufi inji da riga mai faɗin hannu, kika tsaya a ƙofa sai da na canza. Man kaɗanya da kakin zuman da aka goge gudumar da su ma daga ɗakinki suka fito. Maƙwabta da suka jure ƙugin inji bayan la'asar, ku yafe mana.

Ranar gasar mun roƙi kafintoci biyu na sana'a da wani dattijo mai kiɗan kalangu su yi alƙalanci, kuma na gode musu da suka ɗauki wasanmu da muhimmanci. Kafintocin sun duba haɗi da santsi, sun murza kowace ƙota su ji ko tana motsi. Dattijon ya juya mana baya, ya ce a buga. Nan aka ga amfanin rarake ƙarƙashin faifai. Na bar nawa faɗin santimita 12, kauri 3, na ƙwaƙule cikinsa kaɗan na bar baki zagaye da zai zauna a kai, sai ya ba da amo mai kauri, ba ƙwas ɗin katakon da ya manne da teburi ba. Direbanmu ya kawo tasa ba ƙota, dunƙule kawai mai siririn ƙugu, muka yi ta dariya, sai ya kare kansa da cewa haka ta Majalisar Dattawan Amurka take, ta hauren giwa, wadda ta fashe a hannun Nixon, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, a 1954 har Indiya ta aiko da madadinta. Gaskiyarsa ne, amma alƙalai suka ce sharaɗi gutsure uku ne.

Ni na zo na biyu. Malamin makaranta ne ya yi na ɗaya da gudumar aduwa, kuma ya cancanta. Zoben da ya zana a wuyan ƙotarsa sun fi nawa tsabta nesa ba kusa ba, ya bi takarda mai yashi tun daga lamba 80 har 320 bai tsallake ko ɗaya ba, hannu na zamewa a kai kamar a bayan tulun da ya sha ruwa. Malam, ina taya ka murna, kuma ina jiran ka a zagaye na gaba.

Hajiyar da ta aiko da fura da ƙosai ba a roƙe ta ba, samarin da suka ɗauko kujeru daga makarantar allo suka mayar, mai unguwa da ya zo da kansa ya karɓi gudumar a madadin ƙungiya, Allah ya bar zumunci, ya saka wa kowa da mafificin alheri. Wanda ban ambata ba ya yi haƙuri, ba raini ba ne.

Injin yana nan a zaurena duk Asabar bayan azahar ga mai son koyo, yaro ko babba, sharaɗi kawai ya zo da abin kare ido da riga mai gajeren hannu. Masu tsofaffin taɓare da turamen da suka fashe, don Allah kada ku sa a murhu, ku aiko a yi magana. Wanda kuma ya ara mini ma'aunin kauri mai baki biyu, na manta ko wane ne cikin ku biyun, ya zo ya karɓi abinsa.