Lahadin da aka rubuta sunayen 'yan ajin baftisma

Zariya, Lahadi da dare.

Yau a lokacin sanarwa sakataren ikilisiya ya ce duk mai son shiga ajin baftisma ya tsaya bayan sujada a rubuta sunansa, za a yi wata uku ana koyarwa, a yi baftisma kafin Kirsimeti. Ina zaune a layin Zumuntar Mata, na saci kallon ɓangaren matasa. Sa'o'in ɗan farina sai taɓa juna suke yi. Da fasto ya sa albarka aka tashi, duk suka yi gaba wajen teburin sakatare, shi kuwa ya naɗe wayar makirfo, ya rufe ganguna da ƙyalle kamar yadda ya saba, ya bi ta ƙofar gefe ya fice.

Shekararsa 16, yana aji biyu na babbar sakandare. Tun yana ɗan mitsitsi yake Boys' Brigade, ƙungiyar yara maza ta coci, ya ci kyautar haddar aya ba sau ɗaya ba, a makarantarsu ma yana cikin 'yan FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista. Ubansa kuma dattijon ikilisiya ne. To kafin in kai bakin ƙofa wata 'yar'uwa ta riƙo gefen zanena, tana murmushi, wai "Maman yara, ban ga na wajenki a layi ba, ko an riga an rubuta masa a gida ne?" Na ce mata sai dai mun yi magana. Irin tambayar nan a coci ba ta tsayawa a bakin mutum ɗaya.

A hanya babu wanda ya ta da zancen. Auta ce kawai take ta rera waƙar da aka koya musu a makarantar Lahadi, tana kaɗa takardar da ta yi wa Nuhu da jirginsa fenti.

Sai da aka ci shinkafa aka kwashe kwanuka, babansu ya fita taron dattawa, na same shi a bayan ɗaki yana wanke takalmin makaranta. Na ɗauko turmi na kifa na zauna. Na ce, "Yayansu, yau ban ga ka tsaya ba." Bai ɗago ba. Ya ce, "Mama, da a gidan su abokina na can layi aka haife ni, da yanzu ina masallaci, kuma da na rantse shi ne gaskiya. To yaya zan san abin da nake bi nawa ne, ba don a gidan nan na buɗe ido ba?" Ya ce ranar baftisma fasto zai tambaye shi a gaban jama'a ko ya karɓi Yesu Almasihu ya zama Mai Cetonsa, shi kuma ba ya so ya ce i alhali yana da tambayoyi cike da ciki.

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Amma na san inda abin ya samo asali. Wayar nan tasa cike take da bidiyon muhawara, wannan malami ya ce an canza Linjila, wancan fasto ya mayar masa da martani, ana yanka minti biyu-biyu ana yaɗawa a TikTok da WhatsApp. A aji ma haka suke yi da abokansa in malami bai shigo ba. Mu a zamaninmu sai ka girma ka yi aure ba ka ji rabin waɗannan tambayoyi ba. Su kuwa kafin su karya kumallo sun ji goma.

Ana cikin haka Kaka ta fito daga ɗakinta, ashe tana jin mu ta taga. Uwar maigidana ce, ta haura tamanin, kunnenta kuwa ras. Ta dube shi ta ce, "Kai maigida, ni za ka kunyata? In ba ka shiga ruwan nan ba na sake ka, in nemi wani mijin." Ya yi dariya, ita ma ta yi, amma da ta juyo wajena babu wasa a fuskarta. Ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ne muka sake masa. A rubuta sunansa kawai, in ya girma ya gane.

Ba na ganin laifinta. Ita a gidan Maguzawa aka haife ta, a wani ƙauye ta wajen Kano, inda ake yanka wa iskoki baƙin bunsuru. Tana budurwa wani mai bishara ya zo garinsu yana koyar da karatun boko a gindin bishiya, da Littafi Mai Tsarki na Hausa ta koyi haɗa baƙi, tsohon juyin nan da aka fara bugawa a 1932. Har yau shi take karantawa, bangonsa ya sha ɗinki da zaren buhu, ta ce sabon juyin ba ya shiga kunnenta. Ranar da aka yi mata baftisma a rafi kawunta ya hana ta cin abinci a ƙwarya ɗaya da 'yan gidan. Wanda ya sha wannan, in ya ga jikansa yana jan ƙafa a kan abin da aka miƙo masa a sauƙaƙe, dole ransa ya sosu.

Sai dai labarin nata ne ma ya ba ni amsa. Na ce, "Inna, ke wa ya rubuta miki suna?" Ta yi shiru, sannan ta ce ai nata daban ne. Ni kuwa ban ga bambancin ba. Ita ta zaɓa da kanta, shi ya sa har yau babu mai girgiza ta. Mu a cocin ECWA ba ma yi wa jarirai baftisma, sai mutum ya yi hankali ya ba da shaida da bakinsa sannan a nutsar da shi a ruwa. 'Yan'uwanmu na Angilikan a Wusasa, inda cocin St. Bartholomew yake tsaye tun 1929, suna yi wa jariri, amma su ma in ya girma sai ya tsaya gaban bishop ya tabbatar da alkawarin da aka ɗaukar masa. Ko ta ina aka bi, akwai ranar da uwa ba za ta iya amsa wa ɗanta ba. In muka tura shi layi don kada a ce ɗan dattijo bai yi ba, mun koya masa cewa ana iya tsayawa gaban Ubangiji a faɗi abin da ba a nufa, muddin jama'a za su tafa.

Da la'asar ina tsinke zogale a ƙofar gida, yaran maƙwabta suka dawo daga Islamiyya, 'yan matan da hijabansu iri ɗaya, suna ta maimaita karatu da ƙarfi. Abin ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Waɗannan yara kusan kullum suna zuwa, ban da Alhamis da Juma'a. Namu fa? Awa ɗaya ranar Lahadi, rabinta ma a waƙa da rabon biskit take tafiya, sai mu iyaye mu naɗe hannu mu ce malaman makarantar Lahadi suna ƙoƙari. Alhali a sura 6 ta littafin Maimaitawar Shari'a iyaye aka ɗora wa aikin, a yi wa yara zancen maganar Allah a zaune a gida, a kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Gidaje nawa ne a cikinmu ake sujadar iyali ba tare da talabijin yana magana a gefe ba? Wannan magana zan kai ta taron Zumuntar Mata, ko da za a ce na cika baki.

Babansu ya dawo gab da magariba. Na tare shi a ɗaki na faɗa masa kafin ya ji a bakin Kaka. Ya cire hula ya daɗe yana juya ta a hannu. Abin da ya fara cewa shi ne, "Me zan gaya wa fasto?" Na ce, "Baban yara, fasto yana da nasa 'ya'yan, ya san dawan garin." Na tuna masa cewa wasiƙar Afisawa da ta ce 'ya'ya su yi biyayya, ita ce kuma ta ja kunnen ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Ya harare ni, wai yau ni ce mai wa'azi.

A sujadar dare ya ba ni mamaki. Tsarinmu muna cikin Zabura ne, amma ya ce a buɗe Yohanna sura 20, ya miƙa wa yaron ya karanta labarin Toma, almajirin da ya yi shakkar tashin Yesu daga matattu. Da Hausa muke yi saboda Kaka, yaron yana ɗan tuntuɓe, don su sujadar Turanci suka fi sabawa da ita. Da ya gama, uban ya ce, "Ka lura Yesu bai kore shi ba. Kwana takwas ya yi da shakkarsa yana zaune a cikin almajirai, babu wanda ya ce ya fita." Ya ce masa ya riƙa shiga ajin yana saurara, ba tare da alkawarin za a yi masa baftisma bana ba, shi zai yi wa fasto bayani. Kuma duk ranar Asabar da yamma su biyu za su zauna, ya kawo bidiyon da ya dame shi su kalla tare, abin da uban bai sani ba su je su tambaya.

Yaron ya ce, "Baba, in aka gama ajin ban shirya ba fa?" Uban ya ce, "Sai baɗi." Kaka ta yi tsaki ta ce ita dai a yi tana da rai. Da aka zo addu'a ita ta roƙa a ba ta, ta yi ta jero sunayen jikoki har da na Kaduna da na Jos, Auta ta yi barci a cinyata kafin a ce amin.

Ajin zai fara Laraba da ƙarfe huɗu, ya ci karo da darasin lissafi da yake zuwa bayan makaranta. Gobe in na sauke Auta zan biya wajen malamin in ji ko zai mayar masa da shi Alhamis.