Idon raga da matakin ruwa: abin da ke ƙarar da kifi a dam

Da zarar kamu ya ragu a madatsar ruwa, masunta ake fara ɗora wa laifi. Wani lokaci laifin nasu ne. Amma akwai dam ɗin da ake bin dokar kamun kifi sau da ƙafa, kifi kuma yana ta ƙarewa, saboda mai buɗe ƙofar ruwa da mai kula da harkar kamun kifi ba sa zama wuri ɗaya su yi magana.

Hawa da saukar ruwan dam a hannun mutum suke, gwargwadon bukatar lantarki ko ban ruwa, kifi kuwa da matakin ruwa yake auna lokacin haihuwarsa. Namijin karfasa yana haƙa gurbi a yashi ko laka a wuri marar zurfi kusa da gaɓa. Macen ta zuba ƙwai a ciki, namijin ya barbara, sannan ta kwashe su a bakinta ta riƙe har mako ɗaya zuwa biyu. A gaɓar da ke kwance, wadda sai an yi tafiyar mita 50 zurfi ke ƙaruwa da mita 1, saukar ruwa da rabin mita kawai tana busar da faɗin mita 25. Duk gurbin da ke wannan fili ya tashi a banza. Ita tarwaɗa jira take ruwa ya hau ya shanye ciyawar gefe, ta shiga da dare ta zuba ƙwai masu danƙo da ke manne wa ciyawa, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Idan ruwan ya hau ya koma da sauri, 'ya'yan sai su maƙale a ƙananan kududdufai, rana da tsuntsaye su gama da su.

Shi ya sa hana kamun kifi na wasu watanni, idan an ɗauko shi daga kalanda kawai, ba ya haifar da ɗa mai ido. Hanyar da ta dace ita ce a riƙa yanka samfurin kifi kowane wata a duba cikinsa, a rubuta lokacin da ƙwai ke cika da lokacin da ake samun mata sun riga sun zube. Waɗannan makonnin ne za a rufe lungunan ruwa marasa zurfi da bakin rafukan da ke shigowa, kuma a nemi hukumar dam ta tsayar da ruwa wuri ɗaya ko ta bar shi yana hawa a hankali. Rufe lungunan ya fi rufe dam gaba ɗaya sauƙin tsarewa, kuma masunci yana da wurin da zai nemi na cefane, don haka ba ya ganin an zalunce shi.

Sai batun idon raga. Kalli, wato ragar da ake kafawa a tsaye cikin ruwa, yana kama kifin da kaurin jikinsa ya yi daidai da idon: ƙarami ya wuce, wanda kansa ya shiga jikinsa ya ƙi wucewa ya maƙale ta marfin kunne. Manufar doka ita ce kifi ya haihu aƙalla sau ɗaya kafin ya shiga raga. A wurare da dama inci 3, wato kusan milimita 76, shi ne mafi ƙanƙantar ido da aka yarda da shi. Inda ake samun rigima shi ne wajen awo. Ana jiƙa ragar, a ja ido ɗaya har ya rufe, a auna daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa. Wanda ya auna gefe ɗaya na idon zai samu rabin adadin. A auna idanu 10 a wurare daban-daban a ɗauki matsakaici, domin wasu na ɗinka ƙaramin ido a tsakiya su bar babba a bakin raga.

Illar ƙaramin ido ba ta bayyana nan take. Shekarar farko kwando cike yake, kowa na murna. Daga baya manyan mata, waɗanda su ne masu ƙwai da yawa, su yi ƙaranci, karfasa ta koma haihuwa tun tana ƙarama, dam ya cika da kifin da bai kai tafin hannu ba. Taru, wato babbar ragar da ake ja zuwa gaɓa, ya fi wannan ɓarna, don a daidai wurin gurabe ake jan sa, yana share ƙasa yana tattaro 'ya'yan kifi. Guba da nakiya kuwa ba abin da za a tattauna a kansu, haramta su ne kawai.

Akwai kuma mutuwar kifi da ba ruwan raga da ita. Ruwa mai zafi bai riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi: a digiri 20 lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa kusan 7.5. A dam mai zurfi, lokacin zafi ruwan sama mai ɗumi yana zaune a kan na ƙasa mai sanyi ba sa gauraya. Ganyaye da gansakukar da suka nutse suna ruɓewa a ƙasa su cinye iskar da ke can. Ranar da aka yi iska mai ƙarfi ko ruwan sama mai sanyi, sai dam ya juye, ruwan ƙasa ya taso da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Da asuba za a ga kifi a sama yana haki, domin a lokacin ne iskar ta fi ƙaranci, tsirran ruwa sun kwana suna shaƙa ba sa fitarwa. Ƙasa da miligiram 3 yawancin kifi na cikin wahala, ƙasa da 2 wasu sun fara mutuwa. Giwan ruwa na cikin masu saurin faɗuwa, tarwaɗa kuwa tana jurewa saboda tana iya shaƙar iska a sama. Idan aka ga wannan bambancin a gawarwakin, iska ce ta ƙare. Takin gona da ƙazantar gari da ke kwarara cikin dam suna ƙara tsananta lamarin, don su ke ciyar da gansakuka har ruwa ya koma kore shar.

Kafin a ƙara tsaurara doka, a tanadi littafi ɗaya a kowace tashar jiragen masunta. A rubuta matakin ruwa kullum, zafinsa da iskarsa da asuba, nauyin kamun kowane jirgi, da tsawon kifi 30 zuwa 50 da aka ɗebo ba zaɓe. Idan tsawon kifi na raguwa shekara bayan shekara alhali ruwa lafiya lau, raga ce matsalar. Idan kuwa manya na nan amma ƙananan wata shekara sun ɓace gaba ɗaya, a koma a duba yadda aka saki ruwa a makonnin haihuwa na wannan shekarar.