Sifirin ɗin baya da ke lanƙwashewa bayan an ɗaga mota

Garejina a Gombe yake, ƙarami ne, rami ɗaya da yara masu koyo, kuma aikin ƙasan mota ne abincina, wato sifirin da shok da bushin. Kwanan nan aikin da ya fi zuwa mana shi ne na manyan motocin daji da aka ɗaga, su Prado da Land Cruiser 80 da 4Runner da Nissan Patrol. Masu gona a wajen Dadin Kowa, 'yan kwangila, masu shiga ƙauyukan Dukku da Nafada da damina, kowa so yake motarsa ta ƙara tsawo ta sa manyan taya, kuma ni ban ga laifinsu ba don duk wanda ya taɓa kafewa a taɓo ya san darajar inci biyu.

Matsalar ita ce yadda ake ɗagawar. Mutum zai yi odar dogon sifirin daga kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas ko ta Ƙofar Ruwa a Kano, a cire tsohon a cusa sabon a ce an gama, bayan sati biyu sai ga shi ya zo yana cewa oga bayan motar nan na ƙara in na faɗa rami, kuma kamar tana tafiya a karkace. In ka leƙa ƙasa sai ka ga sifirin ya yi ciki kamar baka, yana gogar robar da ke tare aksil, wani har fentin ya goge ƙarfen na sheƙi. Ita Hilux ba ta cikin wannan zance, nata na baya mai falle-falle ne, maganar masu naɗaɗɗen sifirin nake.

Yawanci ba sifirin ne ya lalace ba, mazauninsa ne ya gurɗe. Aksil ɗin baya na waɗannan motoci ƙarfe ɗaya ne daga taya zuwa taya, hannuwa ne ke riƙe da shi ta gaba, sannan akwai wani dogon ƙarfe a gicciye da ake kira Panhard, kansa ɗaya a shasi ɗayan a aksil, shi ke hana aksil gudu hagu ko dama. To in ka ɗaga bodi tsawon ƙarfen nan bai ƙaru ba, sai ya ƙara karkata ya ja aksil gaba ɗaya gefe guda, su ma hannuwan su ja shi gaba kaɗan su murɗa shi. Kenan farantin ƙasa da sifirin ke zama a kai ya daina kallon na sama, shi kuma sifirin yana tsakiya dole ya lanƙwashe. A inci 2 abin kaɗan ne wata motar ma ta haƙura, amma daga inci 3 zuwa sama kam sai an yi gyara. Kuma don Allah a daina tura mutane wajen alaimen na kwamfuta a kan wannan, injin zai nuna maka aksil ya kauce amma babu notin da za su juya a baya, na gaba kawai za su saita su karɓi kuɗinka.

Ni kafin na taɓa sifana sai na yi awo. A tsayar da mota a daɓen siminti mai lebur, iskar taya daidai, a sauke kayan da ke but. In auna daga tsakiyar wil zuwa bakin bodi a kusurwa huɗu, in auna daga shasi zuwa taya hagu da dama in ga nawa aksil ya gudu. Sannan in duba abu mafi sauƙi wanda shi aka fi tsallakewa, bakin sifirin na da gurbin da yake tokarewa a faranti, in ba a juya shi ya faɗa gurbin ba ko robar samansa ta tsage, to ga lanƙwasa nan ba tare da wani dalili ba. Wasu sifirin ɗin ma ba tsawonsu ɗaya ba, irin masu tambarin Old Man Emu akan yi musu alama, dogon na ɓangaren da ya fi nauyi ne. Kayan Ostireliya ne inda sitiyari ke dama, mu kuma namu a hagu yake, shi ya sa ba na bin takardar ido rufe, awon da na yi nake bi.

In aksil ya gudu, magani Panhard mai zare ne wanda ake ƙara masa tsawo, ko a sa birakit a ɗaga mazauninsa ya koma kwance yadda kamfani ya yi shi, ni birakit ɗin na fi so don motar ta fi natsuwa a kan gargada. In murɗewa ya yi sai hannuwa masu zare, a daidaita a hankali ana kallon farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa aksil ɗin baya, don in kusurwarta ta ɓaci za ka ji mota na rawa a kan gudu kuma kuros ɗinta, wato mahaɗin da ke bakin farfelar, ba zai daɗe ba. Bol ɗin bushin kuwa ba a ƙarasa ɗaure shi mota na kan jak, sai ta sauka nauyinta ya zauna, in ba haka ba robar na murɗe tun ranar farko. Wannan kullum sai na nanata wa yarana.

Akwai abin da ba na yi ko nawa za a ba ni, gasa sifirin da wutar walda don a miƙar da shi, ko a yanke shi. Ƙarfen nan an yi masa horon wuta a kamfani, in ka sake gasa shi ya mutu, zai zauna ko ya karye. Wani Alhaji ya taɓa cewa in yi masa haka tafiya ce da shi, na ce ranka ya daɗe motar nan iyalinka za ta ɗauka ta hau dutsen Tula, bari in sa maka tsohon sifirin ɗinka ka je ka dawo kafin kayan su iso. Bai so ba amma ya yarda.

Birki ma yana cikin aikin, kuma shi ya fi tsaya min a rai. Tiyon birkin baya in aka ɗaga mota yana iya yin gajarta, sai taya ta rataya a kwazazzabo ya tsinke, don haka nakan ɗaga shasi in bar aksil ya sauka iya saukarsa in ga tiyon da saura, in ga kuma sifirin bai saki ya fita daga gurbi ba, abin da dogon shok kan jawo. Land Cruiser 80 kuma tana da wani bawul da ke auna nauyin kaya ta wani siririn ƙarfe da ya haɗu da aksil, in an ɗaga ta sai ya ɗauka motar fanko ce ya rage ƙarfin birkin baya, dole a ɗaga birakit ɗinsa gwargwadon ɗagawar.

In an gama nakan fita da mai motar mu bi hanya mai gargada ya ji da kunnensa, sannan in ce ya dawo bayan sati biyu, sabon sifirin yakan ɗan zauna, a sake awo a bi notuna. Wannan dubawar ta biyu ba na karɓar ko sisi a kanta, ya dai zo da safe kafin rami ya cika.