Inda na kai a koyon wasa sarƙar injin yanka itace

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Wannan ne hunturuna na biyu a gidan da muke zaune, a wani ƙauye yamma da Ottawa a ƙasar Kanada, kuma murhun itace ne ke ɗumama mana falo. A nan da kod ake auna itace, wato jeri mai tsawon ƙafa 8, faɗi ƙafa 4, tsayi ƙafa 4. Burina in tara kod 4 na baɗi kafin ƙanƙara ta narke. Yanzu ina da biyu da rabi, kuma rabin nan na ƙarshe ya fi biyun farko zuwa da sauƙi, don kuwa sai yanzu hannuna ya fara gane magagari.

Makonni uku da suka wuce ina yanka wani gungume, kaurinsa bai fi kamu biyu ba, sai na ga yankan yana karkacewa hagu kamar lauje. Ina danna injin da ƙarfi, kafaɗa na ciwo, itacen har ƙauri yake yi. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin daji, ya tsallako shinge. Bai ko taɓa injin ba. Ya sunkuya ya damƙi abin da ya zuba kan ƙanƙara, ya buɗe tafin hannunsa a gabana: gari ne lis, kamar an tankaɗe. Ya ce sarƙa mai kaifi ba ta zubar da gari, ɓarɓashi take fitarwa manya-manya, kuma ita ke jan kanta cikin itace, kai riƙewa kawai za ka yi. Tun ranar, kafin in dubi komai sai na dubi ƙasa.

Sarƙata haƙora 36 gare ta, 18 na kallon dama, 18 na kallon hagu. Ita mai lamba .325 ce, wato ma'aunin tazarar gaɓoɓinta, saboda haka magagarinta zagayayye ne mai kaurin milimita 4.8. Ku duba lambar taku kafin ku saya, domin ƙananan injuna da yawa na milimita 4 suke ɗauka, kuma magagarin da bai dace ba zai ɓata bakin haƙori komai ƙwarewarka. Ina matse takobin injin, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, a kan teburin aiki, in sa safar hannu, in ɗiga jan fenti a haƙorin farko don in san inda na faro. Magagari yana kwanciya a kusurwar digiri 30, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kaurinsa ya leƙo saman haƙorin. Turawa ake yi daga ciki zuwa waje, a ɗaga, a dawo, a sake turawa. Ba a gogawa gaba da baya irin yadda muke wasa wuƙa a dutse. Wannan ɗabi'ar ta fi komai wuyar bari, sai da na yi kwanaki ina kama hannuna yana komawa gare ta.

Karkacewar nan kuwa, da muka auna, daga hannuna take. Ni badame ne, ɓangare ɗaya yana zo mini daidai, ina cin ƙarfe sosai, ɗayan kuma ina shafa shi sama-sama. A hankali haƙoran gefe ɗaya suka fi na ɗayan tsawo, kuma da yake bayan haƙori gangare gare shi, wanda ya fi tsawo shi ya fi tsayi, shi ke fara cin itace. Ƙirga turawa, uku-uku ko huɗu-huɗu, yana taimakawa, amma bai isa ba tunda ƙarfin turawar ba ɗaya ba ne. Abin da ya yi mini magani shi ne na nemo haƙorin da ya fi gajarta, na mayar da shi ma'auni, na rage sauran 35 ɗin zuwa tsawonsa. Yammaci guda ya ci mini. Yanzu kuma da ɓangaren da ke ba ni wuya nake farawa, tun hannu bai gaji ba.

Akwai abin da na jima ban kula da shi ba. A gaban kowane haƙori akwai wani ɗan tudu marar kaifi, shi ke ƙayyade zurfin da haƙorin zai nutsa. Ya kamata ya gaza bakin haƙorin da kamar milimita 0.65. Kullum ka wasa, haƙori na raguwa, tudun nan yana nan yadda yake, har ka wayi gari sarƙa na aske gashin hannu amma ba ta cin itace. Bayan wasawa uku ko huɗu nakan ɗora ma'auninsa in rage shi da shimfiɗaɗɗen magagari. Don Allah kada ku zarce a nan. In tudun ya yi ƙasa da yawa, sarƙa za ta riƙa fizga, kuma haɗarin injin ya yi tsalle ya dawo fuskar mutum yana ƙaruwa, musamman idan saman hancin takobin ya taɓa wani abu. Ba na tayar da injin sai da wandon kariya, hular kwano da abin toshe kunne.

Siffar haƙorin nan tana burge ni duk lokacin da na kalle ta kusa. Wani mai aikin katako a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, shi ya tsaya yana kallon yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin kututture da lanƙwasassun muƙamuƙanta, dama da hagu. Ya kwaikwayi bakin nata, ya fara ƙera irin wannan sarƙa a 1947.

Sanyi ma da nasa darasin. Ranar Asabar digiri 18 ne ƙasa da sifili. Daskararren itace ya fi saurin dakushe sarƙa, ga ƙasa da tsakuwa da ke maƙale a ɓawo a ƙarƙashin ƙanƙara ba ka gani. Taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya kashe wasawar minti ashirin, shi ya sa nake yanka gungume kashi biyu cikin uku, in mirgina shi, in ƙarasa. Na koma man sarƙa na hunturu, mai ruwa-ruwa, tunda na bazara yana yin kauri ya ƙi gudu. Idan na tashi aiki nakan sassauta sarƙar, domin in ta huce takan tsuke ta takura injin. Kuma duk cika tanki sai na ba kowane haƙori turawa biyu, ba na jira ta mutu.

Yawancin abin da nake yankawa bishiyar da suke kira ash ce, wadda wani koren ƙwaro daga Asiya ya yi wa ɓarna tun da aka gano shi a yankin biranen Detroit na Amurka da Windsor na Kanada a 2002. Saboda shi ake hana jigilar itace daga yanki zuwa yanki. Ni waɗanda aka riga aka kayar kawai nake taɓawa, matacciyar bishiya a tsaye rassanta na karyewa ba zato, ban kai nan ba tukuna. Ash tana da daɗin faskare, a sanyi ma gatari ɗaya take tsagewa. Amma ba za ta shiga murhu ba sai damshinta ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. A gida ɗanyen itace hayaƙi kawai zai sa wa mai girki a tsakar gida. A nan kwalta yake tarawa a bututun hayaƙi, wata rana ta kama da wuta mutane na barci.

Saura gungume tara a bayan gareji. Na sayo sarƙa ta biyu mai zagayayyen kusurwar haƙori, wadda ta fi jure datti da daskararren itace, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan gwada su biyun a gungume ɗaya in ƙirga yanka nawa kowacce za ta yi kafin ɓarɓashi ya koma gari.