Wuni guda a rumfar saƙar Kawu

Asabar, bayan sallar isha'i. Yanzu na dawo daga ƙauye, ƙafafuna na ciwo, kuma har yanzu akwai shuni a ƙarƙashin faratana. Gara in rubuta abin da na gani tun yana da ɗumi a raina.

Mafarin tafiyar, kwana goma ke nan wani bawan Allah ya kawo mini rigar kakansa shago. Rigar saƙi ce mai aska biyu, ta sha jiki har bakin aljihun ya fara zarewa. Za a yi masa naɗi bayan ƙaramar Sallah, yana son a ɗinka masa irinta sak. Na shiga kasuwa na samo wani yadin kanti mai zanen saƙi, na shimfiɗa masa su gefe da gefe. Bai ce komai ba, sai ya juya bayan yadin. Sai ga shi fari dishi-dishi, domin zanen bugawa aka yi a fuska ɗaya. Ya juya rigar kakansa, ciki da waje duk abu ɗaya. Ni ma na san yana da gaskiya. Shekara 17 ina yanka yadi ina aikin wuya, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda ɗigo-ɗigon nan masu kama da na gashin zabuwa ke shiga cikin saƙi ba.

Shi ya sa yau da asuba na hau mota zuwa wurin Kawu, yayan mahaifiyata, a wani ƙauye na ƙasar Minjibir. Hazo ya rufe hanya, sanyi na ratsa ƙashi. An gama kaka, an kai amfani rumbu, lokacin da masaƙa ke komawa rumfa ke nan. Ina yaro idan muka zo hutu, rumfar nan cike take, tun daga bakin gari kana jin ƙwas-ƙwas ɗin matsefi, abin da ake daka zare da shi. Yau mutum uku na tarar, sai jikan Kawu da ke koyo.

Na hango zaren wadarinsa, wato zaren tsaye da aka jera don saƙa, tun kafin in hango shi, a miƙe sambal daga rumfa har kusa da gindin darbejiya, can ƙarshe kunkuru, katakon da ake ɗaure zaren a jiki, na ɗauke da dutse yana riƙe da shi. Na durƙusa na ce, "Kawu, mun same ku lafiya? Ya sanyi?" Ya ce, "Sanyi lokacinsa ne. Ɗan nan, yau kai ne a garinmu? Ya uwar taka, ya ƙafar tata?" Sai da muka gama gaisuwa tsaf, aka kawo mini ruwa, sannan na kwance ƙunshin na miƙa masa rigar.

Ya daɗe yana shafa ta. Ya ɗaga ta sama yana duban rana ta cikinta, sannan ya ce in ba shi allura. Ya shimfiɗa gefen hannun rigar a gwiwarsa, ya sa tsinin allura yana ware zare ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Na matso har kaina na taɓa hularsa. Ya ce, "Ƙirga da ni. Baƙi, baƙi, baƙi, baƙi, fari. Sake. Baƙi huɗu, fari ɗaya." Baƙin da yake faɗa shuni ne da ya sha marina har ya rine, irin wanda sai a rana kake gane shuɗi ne. Ya juya rigar ya ƙirga zaren kwance, shi ma huɗu da ɗaya.

Na ce, "To Kawu, in haka ne ai layi ya kamata a gani, farin layi a tsaye, farin layi a kwance, kamar takardar lissafi. Ina ɗigon ya fito?"

Ya ce in bi farin zare guda da ido. Na bi shi da allurar. Ashe ba ya tafiya a fili. Ya hau kan zare ɗaya, ya nutse ƙarƙashin na gaba, ya sake ɓullowa, ya sake nutsewa. Rabin tafiyarsa a ɓoye yake yi, baƙi na rufe shi. Abin da ido ke gani daga nesa guntayen da suka ɓullo ne kawai, shi ne ɗigon. Inda farin tsaye ya gamu da farin kwance kuwa, nan ɗigon ya fi girma da haske. Kawu ya ce, "Ka gani? Marini ya ba ni launi, ni kuma na san wanda zan ɓoye da wanda zan bayyana. In babu ɗayanmu, babu zabuwa."

Masaƙarmu ta maza ba ta da wani yawan kaya. Allera, abin da ke ɗaga zaren tsaye, biyu ce, kowace da matakinta a ƙafa. Ka taka dama, rabin zaren tsaye ya ɗaga, baki ya buɗe, ka jefa ƙoshiya, ɗan katakon da ke ɗauke da zaren kwance, ta wuce da zaren da ke naɗe a kwarkwaron cikinta, ka jawo matsefi ka daka. Ka taka hagu, ɗaya rabin ya ɗaga, ka mayar da ƙoshiya. Hawa ɗaya, sauka ɗaya, shi ke nan. Adon zaren tsaye kuwa tun ranar wadari ake ƙulla shi, lokacin da mutum ke kai da komo tsakanin turaku yana ƙirga launi. Kawu ya ce ranar wadari ba ya son a yi masa hira, domin in ya ɓata ƙirga ɗaya, kuskuren zai bi ƙwaryar, wato siririn ƙyallen da ake saƙawa, tun daga farkonta har ƙarshe.

Wajen hantsi jikan nasa ya tashi zai kai awaki, sai Kawu ya ce in zauna a wurinsa. Wadarin yaron mai sauƙi ne, baƙi ɗaya fari ɗaya, an kuma zura shi yadda duk baƙaƙen suna allera guda, duk fararen suna ɗayar. Ƙoshiya biyu ce a gefe, ta baƙi da ta fari. Na cire takalmi, na saƙale igiyar matakan a yatsun ƙafa. Kawu ya ce, "Idan baƙi ya ɗaga, jefa baƙi. Idan fari ya ɗaga, jefa fari." Da farko ƙoshiyar faɗuwa take yi ƙasa, sau uku ina sunkuyawa in ɗauko. Daga baya hannu ya ɗan saba. Abin da ke fitowa a gabana siraran layuka ne a kwance, baƙi tsaf, fari tsaf, kamar an ja su da alƙalami. Na yi kusan tsawon tafin hannu, raina fes.

Sai wani dattijo ya yi sallama a bakin rumfa. Na ɗaga kai na amsa, na koma kan aiki. Ban yi jifa goma ba na ga abin ya sauya. Layukan da ke kwance sun miƙe tsaye. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani zare na tsinka ko na ɓata wa yaro allera. Na ce, "Kawu, ku zo ku gani, na yi ɓarna."

Ya leƙo, ya sa farce a daidai inda abin ya juya. Ya ce, "Ba ka tsinka komai ba. A nan ka jefa baƙi sau biyu a jere." Ya sa na taka a hankali ina kallo. Da can, idan baƙaƙen tsaye suka ɗaga, baƙi nake jefawa, sai ya cike tsakaninsu ya rufe fararen, layin gaba ɗaya ya zama baƙi. Idan fararen suka ɗaga, fari ke rufe baƙaƙen, layin ya zama fari. Da na maimaita jifa ɗaya, sai tsarin ya goce da taku guda. Yanzu baƙi nake jefawa alhali fararen ne a sama, don haka yana rufe 'yan uwansa baƙaƙe ne kawai, fararen na nan a fili. In na jefa fari, shi ma fararen yake rufewa. Kowane zaren tsaye, ko yana sama ko an rufe shi, launinsa ake gani a gurbinsa, shi ya sa layin ya tashi tsaye.

Wallahi na daɗe ban ga abin da ya kama ni haka ba. Zaren bai canza ba, takun ƙafa bai canza ba, jifa ɗaya tak ta juya zanen. Na roƙe shi ya bar ni in sake yi da gangan. Na jefa fari sau biyu, layukan suka koma suka kwanta. Na yi ta yi, yatsa biyu a kwance, yatsa biyu a tsaye, har Kawu ya ce, "Ɗan nan, zaren yaro ne fa." Amma da murmushi ya faɗa, kuma shi da kansa ya yanke mini guntun ya ce in tafi da shi.

Bayan azahar, muna shan fura, ya shiga ɗaki ya fito da wasu tsofaffin ƙyallaye daga adaka. Ya nuna mini cewa ba ƙirgan launi kaɗai ke aiki ba, har da cunkoson zare. Ya miƙo mini guntun barage, jan alharini da ratsin fari da baƙi a tsaye. Zaren tsayen ya matsu ƙwarai har na kwancen ya ɓace, sai ka buɗa da allura kake ganinsa. Alharinin nan ta Sahara fatake ke kawo shi daga Tarabulus a zamanin da, shi ya sa ba kowa ke iya sa barage ba. Sannan ya shimfiɗa wani gwado da ya saƙa tun yana saurayi. Nan kuma akasin haka ne, abawa mai kauri ce aka daka ta da ƙarfi ta haɗiye zaren tsaye, ratsin duk a kwance. Saƙi yana tsakiyar waɗannan biyu. Dole tsaye da kwance su raba fili kusan daidai, in ɗaya ya danne ɗaya, ɗigon ya mutu.

Na tuna abin da na taɓa karantawa game da Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851, ya ga tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar nan suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Na faɗa wa Kawu. Bai yi mamaki ba. Ya ce ai har yau Buzaye na neman turkuɗin Kura, rinannen yadin nan mai ƙyalli, kuma ƙwaryarsa ba ta kai faɗin yatsa biyu ba.

Daga nan muka shiga maganar da ta kawo ni, kuma nan ne raina ya ɗan sosu. Ya ce zai iya ƙirga huɗu da ɗaya ido rufe, amma rigar ba za ta fito kamar ta kakan mutumin ba muddin da zaren kanti aka yi ta. Ya sa na sake duban tsohuwar rigar. Ɗigon ba ɗaya ba ne, wani ya ɗan fi wani kumburi, wani ya shige ciki, domin zaren mazari ne, kaɗin hannu, wuri ya yi kauri wuri ya sirance. Shi ya sa in mai rigar ya motsa sai ka ga kamar gashin zabuwa na rawa. Zaren kanti kuwa sumul yake, ɗigonsa na fitowa a jere kamar sojoji. A duk ƙauyen, tsofaffi biyu suka rage masu kaɗi, ɗaya ma ido ya fara gajiya. Babu yarinya ko ɗaya da ta iya riƙe mazari. Ni a ganina wannan ya fi rufewar rumfuna ciwo, domin masaƙa ko gobe aka kafa ta za ta tashi, amma hannun da ya san kaɗi shekaru yake ɗauka.

Mun tsaya a kan cewa zaren tsaye na kanti za a sa, don ya fi jure ja, kuma lokaci ya ƙure. Na kwance kuwa, baƙi da fari, tsohuwar da ke makwabtaka da su za ta kaɗa. Ni zan kai zaren marinar Ƙofar Mata, wadda aka rubuta 1498 a ƙofarta, a rina shi da baba na gaske. Kawu ya ja mini kunne, ya ce kada in yarda da tsomi biyu ko uku. A tsoma, a fitar ya sha iska har koren ya juye shuɗi, a mayar, a yi ta yi sai ya zama baƙi. Sannan a wanke shi sosai kafin ya zo hannunsa, in ba haka ba ranar wankin farko shunin zai zuba a kan farin, zabuwa ta koma kurciya.

Na yi sallama da la'asar, ya haɗo ni da gyaɗa da kuka in kai wa mahaifiyata. A mota idona ya ƙi barin tufafin mutane. Yaron motar ya naɗe ƙafar wandonsa na jins, waje shuɗi, ciki fari-fari. Da na kalle shi da kyau sai na gane. Zaren tsayensa ne rinanne, na kwance fari, kuma saƙar hawa uku ce sauka ɗaya, shi ya sa shuɗi ya mamaye fuska, fari ya taru a baya, ga kuma ɗan ratsin nan da ke tafiya a karkace.

Da na iso gida ban ko ci abinci ba, na ɗauko shaddar Getzner ɗin da wani ya kawo ɗinki jiya, na haska ta da fitilar waya. Ita kuma launi ɗaya ce tak, babu baƙi babu fari, amma ga furanni ɓaro-ɓaro. A cikin furen zare na shimfiɗe ta fuska ɗaya, a filin da ke kewaye da shi yana shimfiɗe ta ɗaya fuskar, haske na dukansu daban-daban. Na karkata yadin, furen da ke ƙyalli ya dushe, filin ya ɗauki ƙyallin. Shadda nawa ta bi ta ƙarƙashin almakashina ban taɓa karkata ta haka ba.

Maiɗakina ta tarar da ni a haka, ta tambayi mene ne wannan guntun ƙyallen da na ajiye kan keke. Na nuna mata inda layukan suka tashi tsaye, na ce ta nemo inda na jefa baƙi sau biyu. Ta kai shi kusa da fitila, ta bi da farce, ba ta daɗe ba ta gano wurin.

Gobe zan kira mai rigar in gaya masa yadda muka yi da Kawu da abin da zai kashe. Litinin da safe sai marina.